Ƙafar Malam Tsakanin Yajin Aiki Biyu

Sunana Hajara, amma a unguwarmu ta Yelwa a Garwa Maman Nura aka fi sani. Maigidana, Malam Tanimu, mahauci ne, yana da tebur a babbar kasuwa tun kafin a kawo ni gidansa. Na rubuta wannan ne saboda matan da mazajensu ke fama da ciwon suga, da kuma wasu mutum biyu da nake so a san abin da suka yi mana.

Malam ya daɗe da ciwon suga. Ƙwayarsa yana sha idan ya tuna, shayinsa kuwa mai zaƙi ba ya mantawa. Abin da ya kai mu ga wannan jinya ɗan tsinin ƙashi ne da ya taka a mayanka, ya huda silifas ɗinsa, ya shiga ƙarƙashin babban yatsan ƙafarsa ta hagu. Bai ji komai ba. Ni ce na ga ɗigon jini a kan dardumarsa da na zo naɗewa. Na nuna masa, ya juya ƙafar ya duba, ya ce, "Wannan ma ciwo ne? Ni da wuƙa ke yanka kullum."

Makon farko a gida muka yi ta. Ina gasa masa da ruwan zafi, ina shafa man shanu. Yayarsa, Yaya Ladi, ta zo daga Pitowa da ƙullin wani baƙin gari, ta ce shi ya warkar da maƙwabcinta da fartanya ta sara. Wani abokin sana'arsa ya ce a kira wanzami ya fitar da mugun jini. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, kuma duk mun gwada, ban da wanzamin. A mako na biyu ƙafar ta kumbura har takalmi ba ya shiga. Sannan wari ya fara. Matar mahauci ta san warin naman da ya kwana, kuma shi na ji a ɗakinmu. Ranar na ce masa ko ya hau moto, wato acaɓa, mu tafi asibiti, ko in je in kira sarkin pawa ya zo ya ɗauke shi.

Da muka shiga ƙofar asibitin sai muka tarar da nas-nas zaune a gindin itatuwan darbejiya, cikin fararen rigunansu, kowa da baƙin ƙyalle ɗaure a damtse. Mai gadi ya ce mana girev suke yi, wato yajin aiki. Sun bar mutum biyu kawai a ciki saboda masu haihuwa da waɗanda aka kawo rai a hannun Allah. Muka bi layi tun hantsi har bayan azahar cikin zafin nan na Garwa. Likita ya duba, ya yanke ruɓaɓɓen naman da ke bakin ciwon, ya rubuta allura da ƙwayoyi, ya ce dole a riƙa wanke ciwon ana sake ɗauri kullum. Na tambayi ɗakin da ake wankin. Aka nuna min ƙofa da kwaɗo a jiki.

Na bar Malam a kan benci na fita wajen itatuwan. Ban san wa zan yi wa magana ba, sai na tsaya a kan wata mata mai jiki, mai furfura a gaban goshi, tana zaune a kan kujerar roba. Da Fillanci na yi mata magana don kowa ya ji.

"Ku ba ku da mazaje ne? Mutum yana ruɓewa a ciki, kuna zaune kuna shan inuwa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Me ke damunsa?"

"Ƙafa. Yana da suga."

"Je ki kawo shi nan."

Na kawo shi yana dogara kafaɗata. Ta tashi ta ba shi kujerarta, ta durƙusa ta duba ɗaurin da likita ya yi, amma ba ta taɓa ba. Ta ce sunanta Madam Rebeka, kuma ɗakin nan mai kwaɗo nata ne.

"Ki saurare ni, Maman Nura," ta ce bayan ta tambayi sunana. "Shekaru nake wanke ciwo a ɗakin can. Kuɗin aikin kwana ba a ba mu ba wata da watanni, safar hannu ma da kuɗinmu muke saya. Yaran nan da kike gani wasunsu sun yi shekaru suna aiki ba a ɗauke su ba. Idan na buɗe ƙofar nan yau, gobe za a ce ai aiki na tafiya, babu mai sake sauraronmu. Ba zan buɗe ba."

Na ce, "To, mu mutu ke nan."

"A'a. Mun ce ba za mu yi aiki ba, ba mu ce ba za mu yi magana ba. Kina da hannu. Ki zo gobe da safe da abin da zan faɗa miki, ni kuma in koya miki."

Haka aka yi. Washegari na zo da ruwan wankin ciwo na farmasi, da bandeji, da jan magani, da safar hannu, da sabulu. A gindin darbejiyar nan ta zaunar da ni. Sai da na wanke hannu sau uku kafin ta yarda na iya. Ta nuna min yadda ake jiƙa tsohon ɗauri kafin a cire, yadda ake goge ciwo daga tsakiya zuwa waje ba a komowa da auduga ɗaya, yadda ake naɗa bandeji ba a matse ba. Hannayenta suna bayanta, bakinta kawai ke aiki. Ranar farko, da na taɓa ciwon, kwalba ta suɓuce min ta faɗi. Ta ce, "Ɗauki wata. Shi ba ya jin zafi, ke ce kike ji."

Kafin mako ya ƙare mun zama kusan aji guda. Akwai wani dattijo da ɗansa ya ƙone da man fetur, akwai wata yarinya mai jinyar uwarta da aka yi wa aiki. Kowa ya zo da ledarsa, Madam Rebeka tana zagayawa tana cewa wannan ya yi, wancan a sake. Wani abokin aikinta ya taɓa ce mata da Faransanci wai abin da take yi karya yajin ne ta bayan gida. Ban ji duk amsar da ta ba shi ba, amma na ga ta nuna masa tafin hannayenta biyu, alamar ba ta taɓa kowa ba.

Kuɗi kuwa suna ta zuba. Kayan wankin nan kullum sai an sayi sabo, ga allura, ga moto zuwa da dawowa, ga tebur a rufe. Na sayar da 'yan kunnena. Yaya Ladi tana ta faɗa cewa tun da aka daina garinta ciwon ya ƙi warkewa, ni kuma ina haƙuri da ita saboda ita ke riƙe min yara.

A mako na huɗu, wata safiya na cire ɗauri sai na ga babban yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ma ya fara. Na ɗaga kai na dubi Madam Rebeka. Ta kwance baƙin ƙyallen daga damtsenta ta sa a aljihu, ta shiga ciki da sauri ta fito da keken marasa lafiya. Abokin aikin nan nata ya ce, "Rebeka, girev fa." Ta ce, "Wannan gaggawa ce, kuma mun yarda da gaggawa." Da kanta ta tura Malam har gaban likita, ta wuce layi.

A bakin likitan nan na fara jin kalmar gangaren, wato ruɓewar nama, kuma har yau ba ta bar kunnena ba. Ya ce jini ba ya isa yatsun, naman ya mutu, kuma mutuwar tana hawa. Ya ce abin da zai iya a nan shi ne ya yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Amma a Yawunde akwai likitan jijiyoyin jini, idan muka isa da wuri wataƙila ya buɗe hanyar jinin a ceci ƙafar. Malam ya ce, "Mahauci a tsaye yake aiki. Mu je Yawunde."

Aka sa masa ruwa da allurai na kwana biyu don ya iya tafiya. Sarkin pawa ya tara mahauta suka yi mana gudummawa, ni kuma na sayar da firiza. Likita ya ce kada mu yi doguwar tafiyar mota, mu je Ngawundere mu shiga jirgin ƙasa, mu kama ɗaki mai gado don Malam ya miƙe ƙafa. Da Madam Rebeka ta ji haka sai ta ce yayanta Pol direban jirgi ne a can. Ta kira shi a gabana, ta ce ya nema mana gado na ƙasa, ya tarye mu a tasha.

Muka ɗauki shatar ƙaramar mota. Malam na kwance a baya, ƙafarsa a kan cinyata, har muka haura wani dutse mai kwane-kwane, iska ta sauya ta yi sanyi. Da la'asar muka isa tashar jirgi. Tun daga nesa na ga abin ba daidai ba. Mutane zaune a kan akwatunansu, buhunan albasa jibge a rana, shanun da aka kawo za a loda suna ta kuka a shinge. Can ciki kuma ga maza cikin kayan aiki zaune a kan layin dogo.

Wani dogon mutum mai farin gemu ya zo ya leƙa motar. Ya ce da Hausarsa mai gargada, "Ku ne baƙin Rebeka? Ni ne Pol. Tun safe nake kiran wayarku ba ta shiga. Yau muka fara yajin aiki."

Ban san lokacin da na fara dariya ba, dariyar da ta koma kuka. Malam ya ce, "Hajara, ya isa."

Pol bai tsaya ba mu haƙuri ba. Ya shiga gaban motar ya nuna wa direba hanyar gidansa. Motar ba ta iya shiga lungun ba, sai ya durƙusa ya goya Malam a bayansa har cikin ɗaki. Ɗakin kwanansu ne, matarsa Maman Sesil ta riga ta kwashe kayansu ta shimfiɗa sabon zanen gado. Su Kirista ne. Ta je wajen maƙwabta ta tambayo mana alƙibla, ta aro buta da darduma, ta sayo sabuwar tukunya ta ce a ciki za a riƙa dafa namu. Ban roƙe ta ko ɗaya ba.

Washegari na tare Pol a tsakar gida zai fita.

"Baba Pol, kai ne direba. Ka dubi Allah ka dubi mutumin nan."

Ya ce, "Maman Nura, jirgi ba mota ba ne. Sai da mai ba da hanya, da mai juya layi, da masu tashoshi har Yawunde. Ni kaɗai ba zan iya motsa shi ba."

"Da za ka iya fa?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Da ba zan tuƙa ba."

Ya ce albashinsu ya tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru, kuɗin kwanan hanya sai an ga dama. Ya ce akwai wanda suka yi aiki tare, taragu biyu suka matse masa hannu, yana gida har yanzu yana jiran haƙƙinsa. Ya ce sun yi wa juna alkawari a kan layin nan, kuma shi ne babba a cikinsu, idan ya tashi kowa zai tashi.

Kwana biyu ban yi masa magana ba. Ina cin abincin gidansa, ina kwana a ɗakinsa, idan ya gaishe ni in kau da kai. Shi kuwa bai fasa ba. Kullum da safe kafin ya tafi tasha sai ya ɗauki Malam ya kai shi bayan gida ya dawo da shi. Ya zaga tashoshin mota yana neman wadda za ta kai mu Yawunde ta hanyar Bertuwa a cire kujeru a shimfiɗa katifa. Ya samu, har an yi ciniki. Amma safiyar da za mu tashi Malam ya wayi gari da zazzaɓi mai zafi, yana kiran sunayen yaran teburinsa yana cewa su rataye cinya. Na buɗe ɗaurin, baƙin ya kai tsakiyar ƙafa.

Pol ya kai mu wani asibitin mishan da ba ya cikin yajin. Likitan ya ce Malam ba zai kai Yawunde da rai a mota ba, dole a yi aiki yau. Ya ce zai yi ƙoƙari ya bar diddige, amma jinin Malam ya yi ƙasa, sai an samo masu bayarwa. Ni ba ni da kowa a Ngawundere. Na zauna a baranda na rasa wanda zan kira. Pol ya hau moto ya tafi.

Ba a daɗe ba na ji takun takalma masu nauyi. Ma'aikatan jirgi ne, cikin kayan aikinsu masu tabon baƙin mai, suka cika barandar. Akwai Fulani, akwai mutanen kudu, akwai waɗanda ban san yarensu ba. Babu wanda ya taɓa ganin Malam a cikinsu. Suka yi layi a ƙofar ɗakin gwaji, kowa yana naɗe hannun riga. Waɗanda jininsu ya dace aka ɗiba, suka sha ruwan suga, suka gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, suka koma tasha suka ci gaba da zamansu. Pol ne na farko da aka ɗiba. Da ya fito yana danne auduga a hannu na ce, "Sannu, Baba Pol." Ya ce, "Yauwa," ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin har aka fito da Malam.

An yanke rabin ƙafar, yatsu duka sun tafi, diddige ya tsira. Bayan kwanaki da zazzaɓin ya sauka na tambayi likitan abin da ke cin raina, na ce da jirgi ya tashi ranar da muka zo fa? Ya ce, "Wataƙila yatsu biyu kawai zai rasa. Wataƙila kuma abin da aka yi nan shi za a yi can. Ban sani ba, Madam. Abin da na sani shi ne, mai suga ba ya jin ciwon ƙafarsa, sai wani ya duba masa. Makon farko shi ne na ceton yatsa."

Wannan ita ce maganar da nake so 'yan'uwana mata su riƙe. Ku riƙa duba ƙafar mazajenku kullum, har tsakanin yatsu. Ƙaramin ciwo ya bayyana, ku bar man shanu da garin maƙwabta, ku tafi asibiti ranar, ko da kun ji ana yaji.

Muna asibitin har yajin jirgi ya ƙare. Ran nan da yamma Pol ya zo cikin kayan aikinsa wankakku, da jakarsa a kafaɗa, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Malam ya hango shi.

"Shigo mana, mai gida."

Ya shigo ya tsaya a ƙarshen gado, idonsa a kan ƙafar da ke naɗe. Ya ce, "Yau zan ja jirgin Yawunde."

"An biya ku?"

"An ƙara wani abu. Mai hannun nan ma an ce za a ba shi nasa."

"To, madalla."

Pol ya ce, "Malam, ƙafar nan..."

Malam ya katse shi. "Ƙashin saniya ne ya ci ƙafata, ba kai ba. Da ka tashi daga layin nan saboda ni, da mutanen da suka ba ni jini ba su sake yarda da kai ba. Je ka, kada ka makara."

Ni ban kai Malam sauƙin zuciya ba, kuma ba zan ɓoye ba. Yarinyar nan da muke koyon wanki tare a gindin darbejiya, da muka dawo Garwa na ji uwarta ta rasu a makon da muka tafi. Ba kowa ne Rebeka ta tura har gaban likita ba, ba kowa ne aka goya a baya ba. Idan na tuna wannan raina yana ɓaci. Amma da na zauna na yi tunani, ba a kan na gindin itace fushina ke sauka ba. Yana sauka ne a kan waɗanda suka bar mace mai shekaru tana sayen safar hannu da kuɗin cefanenta har ta gaji ta rufe ƙofa.

Mun yi fiye da wata a Ngawundere, rabi a asibiti rabi a gidan Pol. Da za mu tafi na ƙulla ɗan abin da ya rage na miƙa wa Maman Sesil, ta mayar min cikin jaka, ta ɗora tukunyar nan a kai ta ce in tafi da ita. Nas-nas na Garwa sun koma aiki kafin mu dawo, an ba su wani ɓangare, saura alkawari. Madam Rebeka ta karɓi wankin ciwon a ɗakinta har ya rufe, sai dai duk zuwa takan miƙo min safar hannu ta ce in yi tana kallo, don kada hannuna ya manta.

Wata uku Malam bai taka ƙasa da ƙafar ba. Wani baduku daga Maruwa ya auna ta ya ɗinka masa takalmi na musamman, gabansa cike da auduga, mai ɗauri a idon sawu. Ya fara da sanda biyu a tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa randa. Sannan sanda ɗaya. Shayi kuma yanzu ba suga, yana sha yana ɓata fuska.

Wata Juma'a ya yi wanka ya sa babbar riga, na ce bari in tsayar masa da moto. Ya ce a'a. Ya ɗaura takalminsa, ya ɗauki sandarsa, ya fita. Na tsaya a bakin zaure ina kallonsa yana ɗingishi a hankali, mutane suna wuce shi suna gaishe shi. Sau ɗaya ya tsaya ya dafa bangon maƙwabta, har na ɗaga ƙafa zan bi shi. Sai ya saki bangon ya ci gaba, har ya sha kwanar masallaci.